Ciwon Kan da Malam Ya Kwaso a Hanyar Kongolam

Da sunan Allah nake farawa, shi ya ɗora mana wannan jarrabawa, shi kuma ya bar ni da bakin ba da labarinta. Ni ba marubuciya ba ce, atamfa da turaren wuta nake sayarwa a cikin gida, kuma da son raina ne da maganar nan ta tsaya a ɗakina. Amma har gobe, duk Asabar da sassafe ina jin wucewar kekuna ta bakin layinmu, maza suna ta raha, kuma kowannensu ya baro mace a gida wadda ba ta san abin da na sani ba. Don matan nan na zauna na rubuta, da mazan nasu in za su daure su karanta.

Maigidana Malam Sanusi malamin lissafi ne a wata sakandare a nan Daura. Ya ɗan haura hamsin aka ce yana da hawan jini. Likita ya ɗora shi kan magunguna, ciki har da wata 'yar ƙwaya ta tsinka jini, ya ce ya rage gishiri, ya riƙa motsa jiki. Da wani ne, sai ya riƙa takawa zuwa masallaci ya ce ai ya motsa. Malam ba ya yin abu rabi da rabi. Ya tafi Kano ya dawo mana da keken tsere na gwanjo, taya siririya kamar sillen kara, sirdi kuwa ko tafin hannuna ya fi shi faɗi.

Na ce, "Malam, ɗalibanka na zuwa makaranta a kan babur, kai kuma yanzu za ka koma keke?"

Ya ce, "Rabi, ai su ba su da tumbi."

Kafin shekara ta zagayo sun zama ƙungiya. Akwai amininsa Malam Lawal, wanda suka taso tare tun firamare, akwai wani mai kemis, da wani tsohon jami'in kwastan, da wasu da ban san su ba sai a murya. Duk Asabar bayan asuba su ɗora hular kwano, su sa dogon wando a kan matsattsen nan na 'yan tsere don garinmu ba zai ɗauki wancan ba, su nufi Mai'adua, wani lokaci Dutsi. Na yi tsiya har na gaji. Amma gaskiya ɗaya ce, tumbin ya tafi, minsharin da ya hana ni barci shekara da shekaru ya ragu, kuma mutumin da a da yake dawowa daga makaranta fuska a murtuke ya koma mai shigowa da waƙa.

Suna da wata al'ada ta Babbar Sallah. Kashegarin layya sukan hau kekuna su zaga ƙauyukan iyayen 'yan ƙungiya, kowa da ƙullin soyayyen nama a jaka, su gaida dattawa, a sa musu albarka. Sallar waccan shekara a tsakiyar damina ta faɗo, gero ya yi kore shar, kuma an kwana ana ruwa. Zagayen nasu Mai'adua ne, daga nan su ƙarasa Kongolam gidan mahaifin tsohon kwastan. Malam ya fito da sabuwar hularsa ta Sallah a kai, ta kwanon tana reto a hannun keke. Na ƙulla masa nama, na ce yau kuma ango aka koma. Ya yi dariya ya fita.

Bayan azahar ya dawo, da ƙafarsa, da kekensa. Na ga ƙujewa a gwiwar hannunsa, ya ce reshen ƙaya ne. Ya yi wanka, ya ci tuwo da miyar nama har da ƙari, ya kwanta. Abin da na gani ke nan a ranar, kuma a kansa na tsaya wata biyu ina rantsuwa.

Makon farko da na biyu babu wani abin a zo a gani. Ɗan ciwon kai ne, yau akwai gobe babu. Na ce nama ne ya yi yawa, shi ya ce rana ce. Abokinsa mai kemis ya aiko da maganin ciwon kai. Asabar ta zo bai fita ba, ya ce sirdin ne yake so a gyara. Har murna na yi a raina, na ce ko Allah ya fara shiryar mini da shi.

A mako na uku ciwon ya tsaya cak, ya fi tsanani da safe, har da amai. Muka tafi asibitin gari. Wanda bai taɓa bin layin kati bayan hutun Sallah ba, bai san yawan marasa lafiyar ƙasar Daura ba. Mun isa rana ba ta yi zafi ba, ba mu ga likita ba sai da aka kira azahar, Malam na zaune a kan dakali ya tallabe kai da hannu biyu. Aka ɗibi jini, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne da ɗan taifod. A damina wa za a gwada a rasa zazzaɓi a jikinsa? Aka yi masa allurai, aka ƙara masa ruwa, muka dawo gida da leda cike da magani da kuma kwanciyar hankali, don ciwon da aka san sunansa ba ya ba da tsoro sosai.

Magani ya ƙare, kai bai daina ba. Sai wasu abubuwa suka fara biyo baya, ƙanana, irin waɗanda sai matar mutum ce take lura da su. Ya zuba sukari a shayi, ya sake zubawa, ya sake. Ya tsaya sallar magariba ya yi raka'a biyar. Takalminsa na dama ya riƙa zamewa daga ƙafarsa yana tafiya bai sani ba. Da aka koma makaranta, shugabansu ya rako shi gida da kansa, ya ce Malam ya rubuta lissafi a allo, ya tsaya yana kallonsa har aka kaɗa ƙararrawa. Mutumin da yake yi mini lissafin ribar atamfa a ka kafin in gama faɗin kuɗin sari. Ranar na shiga ɗaki na yi kuka, don a nan na gane ba ciwon kai nake jinya ba, mijina ne yake zarewa daga hannuna kaɗan-kaɗan.

Muka koma asibiti. Wannan karon wani likita muka samu, mai natsuwa, Allah ya saka masa da alheri. Ya sa Malam ya ɗaga hannuwa, ya matse masa yatsu, ya haska idonsa. Sannan ya juyo gare ni.

"Hajiya, ya taɓa faɗuwa kwanan nan? Ko ya bugu a kai?"

Na ce, "A'a."

"Ki tuna dai. Ko a banɗaki, ko a kan babur."

Na ce, "Likita, gida ɗaya muke kwana. Da ya faɗi da na sani."

Ya tambayi Malam. Malam ya kalle ni, ya ce, "Ban faɗi ba." Har yau ban san ko ya manta ne a lokacin ko yana sane ba.

Likita ya ce to alama ta fi karkata ga hawan jinin, wataƙila ɗan ƙaramin shanyewar ɓarin jiki ne ya taɓa shi. Ya ce a riƙe magungunansa da kyau, kar a tsallake ko ɗaya, musamman ta tsinka jinin nan. Ya ƙara da cewa in da hali a je Katsina ko Kano a ɗauki hoton kai. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Da amsar da muka ba shi ya yi aiki.

Maganar hoto kuwa ba a hannuna take ba. Malam yana da wa, Yaya Idi, dillalin dabbobi, wanda tun rasuwar mahaifinsu ba a yanke komai a gidan sai da shi. Ya zo ya tsaya a tsakar gida, na durƙusa na faɗa masa abin da likita ya ce.

Ya ce, "Hoto magani ne? An ce hawan jini, an ba da magani, sai a bari ya yi aiki. Ku mata ba ku da haƙuri. Kuma ni tun farko ban yarda wannan na asibiti ba ne kaɗai. Mutum da girmansa ya riƙa ratsa daji da tsakar rana a kan keke, wa ya san abin da ya taka?"

Daga nan ƙofa ta buɗe. Inna, mahaifiyarsu, ta aiko daga ƙauyensu na wajen Dutsi da jarkar rubutu da ƙullin hayaƙi. Maƙwabciyata ta ce sammu ne, tunda ana raɗe-raɗin za a ba shi mataimakin shugaban makaranta. Wata ta ce akwai wata tsamiya a hanyar iyaka da ba a wucewa ta ƙarƙashinta da rana tsaka. Aka kawo mai ruƙiyya ya yi karatu har muryarsa ta dushe, Malam na gyangyaɗi. Aka kawo wanzami ya kafa masa ƙaho a ƙeya, ya nuna mini baƙin jinin da ya fito ya ce ga ciwon nan. Zuma, habbatus sauda, man zaitun, tafarnuwa, babu wanda ban ba shi ba. Kada wani ya ce me ya sa na yarda. Idan naka yana narkewa a gabanka, ko yaro ya ce ga magani sai ka miƙa hannu. Jarin atamfata a nan ya fara tafiya, turmi bayan turmi.

Duk wannan lokaci 'yan keke ba su yar da mu ba, wannan kam sai in faɗa. Duk Asabar in sun dawo daga hawa sai sun biyo, su jingine kekuna a bango, su cika zaure. Malam Lawal kuwa kusan kullum bayan la'asar yana nan. Su suke sayen rabin magungunan, su suka kawo buhun shinkafa da abin ya yi tsawo. A riƙo Malam a kai shi zaure ya zauna cikinsu, ni kuma in dama kunu in aika musu. Sai in ji murya daga bayan labule:

"Hajiya, ya mai jiki?"

In ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne."

In ce, "Amin, an gode, Allah ya bar zumunci."

Iyakar maganarmu ke nan. Shekara ashirin da wani abu ina gidan Malam, ban taɓa zama da amininsa mun yi magana ta wuce gaisuwa ba, kuma ba wanda ya ga aibin haka, ni ma ban gani ba. Abin da likita ya tambaye ni yana cikin gida tare da ni. Su kuma abin da suka ji daga bakin Yaya Idi shi ne hawan jini. Bango ɗaya ne tsakaninmu, ina jin ƙarar cokulansu a kofi.

Wajen mako na bakwai ya daina fita zauren. Barci ya dinga cinye shi, sai na girgiza shi kafin ya buɗe baki in ɗura masa koko. Fitsari ya fara kufce masa. Ina wanke shimfiɗa ina shanyawa a bayan ɗaki don kada baƙi su gani. 'Yarmu Ummi ta zo daga gidan mijinta a Katsina, ta gaishe shi, ya bi ta da ido kawai. Inna ma ta sa aka ɗauko ta daga ƙauye, ta zauna a gefen gado tana shafa ƙafarsa tana kiran sunan da take kiransa tun yana goye, bai amsa ba.

Wata ranar Talata da la'asar jikinsa ya ɗauki karkarwa, ido ya juye, kumfa a baki. Da ta sake shi, na kira, na girgiza, na yayyafa ruwa, bai farka ba, numfashi kawai yake ja. Ban san lokacin da na zari mayafi na fita zaure ba. Yaya Idi na nan da Malam Lawal.

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ban taɓa tsallake maganarka ba. Amma yau ko a kaina ne sai na kai shi an ɗauki hoton nan."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya leƙa ɗakin ya ga ƙaninsa. Ya ce, "Lawal, kawo mota."

Na kwashe 'yan kunnena da awarwaron da na gada wurin mahaifiyata na ba Ummi ta kai kasuwa. Yaya Idi ya sa aka kama bijimi ɗaya daga cikin nasa aka sayar, wannan ma ba zan ɓoye ba. Muka kwantar da Malam a bayan mota, kansa a cinyata, muka nufi Katsina. Asibitin da muka je aka ce na'urar hoton ta lalace, ana jiran mai gyara. Na tambayi yaushe zai zo, ma'aikacin ya ɗaga kafaɗa. Aka sa masa ruwa ya kwana a nan, da gari ya waye muka ɗauki hanyar Kano. Duk ramin da mota ta faɗa sai in riƙe kansa da hannu biyu, ban san me nake karewa ba.

A Kano ma sai da muka sha layi, na kati daban, na biya daban, na hoto daban. Rana ta karkata kafin a miƙo mana hoton a babbar ambulan. Yaya Idi ya tafi wajen biyan kuɗin gado, saboda haka Malam Lawal ne ya tura gadon da Malam yake kai, muka shiga ɗakin likitan ƙwaƙwalwa tare. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, babu zaure, babu labule, kujerarsa na gefen tawa.

Likitan ya ɗaga hoton ya saita shi da hasken taga. Bai daɗe yana kallo ba.

Ya ce, "Yaushe ya faɗi?"

Na ce, "Likita, an sha tambayata. Bai faɗi ba. Hawan jini gare shi."

Ya ce, "Hajiya, matso ki gani." Ya nuna mini wani abu kamar jinjirin wata a gefen hagu, ya ture komai zuwa ɗaya ɓangaren. "Wannan jini ne ya kwanta tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa. Ba na yau ba ne, ya yi makonni yana tsiyaya, ga tsoho ga sabo a kansa. Irin wannan buguwa ce take kawo shi. Ko ba a ga rauni a waje ba."

Na buɗe baki zan sake musantawa, sai na ji murya a gefena, ƙasa-ƙasa.

"Likita, ya faɗi."

Na juya. Malam Lawal ya sunkuyar da kai, yana murza makullin mota.

"Kashegarin Sallah ne. Mun gaida dattawa a Mai'adua. Ka san ba a durƙusa wa babba da kwano a kai, to ranar duk hulunan Sallah muka sa. Da muka fito muka ce Kongolam ai nan da nan ne, kuma can ma gaisuwa za mu yi, ba wanda ya sauya. Ruwa ya kwaso yashi ya zuba a kan kwalta. Shi ne a gaba. Tayar ta zame, kansa ya daki bakin titi. Ya ɗan kwanta bai motsa ba, muka zuba masa ruwa, ya tashi yana dariya. Ko ɗigon jini babu. Da kansa ya tuƙo har gida."

Likita ya ce, "Ba ku faɗa wa iyalinsa ba?"

"Mu a ƙungiya ba ma kai labarin faɗuwa gida, don in mata suka ji, hawan ya ƙare. Shi kuma ranar har haɗa mu ya yi da Allah. Ya ce, na haɗa ku da girman Allah kada Rabi ta ji. Ta taɓa cewa ranar da ya faɗi ranar za ta sayar da keken."

Na faɗa, ban musa ba. Wace mace ce ba ta faɗin irin wannan?

Ranar ce na fara kallon Malam Lawal ido cikin ido. Na ce, "Malam Lawal, wata biyu kana shan kununa. Kana ji ana kafa masa ƙaho, kana ji ana kiran aljanu. Ba ka iya ɗaga murya ta bayan labule ka ce Hajiya, ya fa taɓa faɗuwa ba?"

Hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Wallahi Hajiya ba mu haɗa ba. Ciwon bai zo ba sai bayan makonni, kuma aka ce mana hawan jini ne. Sau biyu abin ya zo mini a rai, in tuna ya haɗa ni da Allah, in ce to tunda likitoci sun gano ciwon, me zai sa in karya masa alkawari? Ba wanda ya tambaye mu, Hajiya. Da an tambaye ni da na faɗa."

Likita ya katse mu, ya ce wane magani yake sha. Na zazzage ledar a kan tebur. Ya ɗauki 'yar ƙwayar nan ta tsinka jini ya ajiye ta gefe guda, bai ce komai a kanta ba, kuma ba sai ya ce ba, na gane ita ta hana jinin tsayawa. Ni nake ba shi ita da hannuna kowace safiya, ko ranar da ya kasa haɗiya sai na daka ta na zuba a koko. Abin da ya faɗa shi ne, "Da wannan maganar ta fito tun farko, aikin ɗan ƙarami ne, mutum ya tashi ya koma harkarsa. Yanzu za mu yi iya namu." Wannan magana tana nan a kunnena yadda ya faɗe ta.

Aka ce a nemo jini kafin a shiga tiyata. Malam Lawal ya fita ya buga waya. Washegari da hantsi sai ga 'yan keke sun cika mota daga Daura, har da waɗanda ban taɓa ganin fuskarsu ba, suka yi layi suna naɗe hannun riga. Ina zaune a ƙarƙashin darbejiya cikin sauran masu jinya, da tabarmata da fulas ɗina, ina kallonsu. Ban san abin da zan yi da su a zuciyata ba, har yau ban sani ba. Jininsu ne a jikin mijina, kuma shirunsu ne ya kai shi gadon. Da suka zo gaishe ni na amsa, na yi musu godiya, don sun cancance ta. Amma da mai kemis ya ce ya mai jiki, na kasa cewa da sauƙi.

Aka huda kan wuri biyu aka zuƙe jinin. Ya yi kwanaki bai san inda yake ba, robobi a hanci da hannu. Ma'aikatan jinya wasu kamar 'yan uwa, wasu kuwa in ka kira su kamar ka zage su. Wata mata daga Haɗeja da take jinyar ɗanta ita ta riƙa tsare mini tabarma in na shiga, muna raba abinci, ban ma san sunanta na yanka ba, Allah ya ba ɗanta lafiya. Ran da Malam ya buɗe ido ya motsa ƙafar dama, na yi sujada a kan simintin ɗakin, ban damu da masu kallo ba. Na ɗauka an gama.

Ƙafa ta dawo. Magana ta dawo, a hankali, amma ta dawo. Yana cin abinci da hannunsa, yana alwala da kansa. Sai dai in na shigo yakan gyara zama ya ja mayafi ya rufe ƙirjinsa, irin yadda yake yi wa baƙuwa. Na faɗa wa likita. Ya sake sa aka ɗauki hoto, ya ce jinin ya daɗe yana danne ƙwaƙwalwar, har wani wuri ta baya ya samu rauni, wurin da yake riƙe fuskoki da wasu abubuwan tunawa. Na ce zai dawo? Ya ce, "Wasu suna dawowa, wasu kaɗan-kaɗan, wasu kuma haka suke zama. Ba zan yi miki alkawari ba, Hajiya."

Muka dawo Daura. An kusa shekara yanzu. Makaranta ta sallame shi da mutunci. Ya san yana da mata, ya san sunanta Rabi, yakan ba da labarinta, wai tana da faɗa amma ba ta da riƙo. Ni ce dai bai san ni ce ita ba. Wata rana in na yi magana daga tsakar gida sai ya ɗaga kai kamar zai gane, in shigo da sauri, ya kalle ni ya ce sannu da aiki. Na gwada faɗa masa, na gwada hotunan aurenmu, Ummi ta gwada, Inna ta gwada. Yakan ce to, don kada ya ba mu kunya, zuwa anjima ya tambayi ina Rabi ta shiga.

Ban ce kowa ya daina hawan keke ba, na ga amfaninsa da idona. Amma ku 'yan keke, dattijon da zai ji haushi don kun gaishe shi da hular kwano, ku cire a ƙofar gidansa ku mayar in kun fito. Wanda kansa ya bugu, ko ya tashi yana dariya, ku kai shi asibiti, ku kuma faɗa wa matarsa, ko da me ya haɗa ku. In rantsuwa ce ku je ku tambayi malamai, akwai kaffara. Ku kuma 'yan uwana mata, in likita ya yi muku tambaya a kan miji, kada ku ce gida ɗaya muke kwana. Ku ɗaga labule ku tambayi waɗanda suke zaure.

Shekaranjiya da safe na kai masa koko da ƙosai. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Allah ya yi miki albarka, baiwar Allah, kina ɗawainiya da ni." Ya kurɓa, sannan ya waiga ƙofa, ya yafito ni da hannu. Na matso na durƙusa.

Ya rage murya ya ce, "Wata alfarma zan roƙa. Kin ga ni nan, a keke na faɗi. Don Allah kada ki bari Rabi ta ji. Bakinta ne kawai da kaifi, amma ba ta iya ɗaukar tashin hankali. In ta ji, ko abinci ba za ta iya ci ba."

Na ce, "Ba za ta ji ba, Malam."

Ya ce, "Yauwa, na gode." Ya ci gaba da shan kokonsa, ni kuma na zauna ina riƙe masa faranti har ya gama.